Saminu Fes da Robar Asibiti

Duk wanda ya daɗe a Daura, in dai yana sa fararen kaya ranar Juma'a, ya san rumfar Malam Saminu mai wanki da guga. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce. 'Yan kwanukan rufi ne a kan gwafanni, da teburin guga, da bahunan ƙarfe, da igiyoyin shanya da suka ratsa har bayan shagon maƙwabcinsa. Amma rigar da ta fito daga wurin, ko daga nesa ka hango ta a jikin mutum ka san ta. Shi ya sa sunansa na yanka ya daɗe da samun jela. Saminu Fes ake ce masa, kuma ba ya jin haushi.

A Sandamu aka haife shi, gidan noma. Ubansa ya so ya riƙe fartanya kamar 'yan'uwansa, ya kuma riƙe, sai dai shi kaɗai ne a gidan zai dawo daga gona ya zarce bakin rijiya da rigarsa kafin ya nemi abinci. Uwarsa takan ce, "Wannan zai ƙarar mini da sabulu tun bai yi gemu ba." Da ya tasa ya shigo Daura cin rani, ya faɗa hannun wani tsoho mai wankin manyan riguna. A nan ya koyi jiƙo da cuɗa da ɗauraya, ya san sitacin da shadda take so, ya san bular da ba za ta mai da farin yadi shuɗi ba. Damina ta faɗi bai koma ba. Gonar gado ya bar wa ƙannensa, su kuma duk kaka sukan aiko masa da gero da wake.

Abin da ya raba shi da sauran masu wanki ba ƙarfin hannu ba ne. Shi yakan ce datti daban, najasa daban. Tabon goro da na manja datti ne, sabulu ke maganinsu. Amma rigar da jinjiri ya jiƙa, ko wandon da jini ya taɓa, waɗannan sai ya ware su gefe, ya kwarara musu ruwa mai tsarki tukuna, sannan su shiga baho. "Mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa da rigar nan," yakan ce, "in ta fita da najasa, a wuyana take." A masallaci ma kafin ya tayar da kabbara sai ya ƙare wa tabarma kallo. Matarsa Laraba ta sha fama da wannan hali. Ta ce tun da ta shigo gidansa ba ta taɓa wanke kwano ya karɓa bai juya bayansa ya duba ba, kuma ta daina jin zafin abin tun kafin ta yaye 'yar fari.

Maƙwabcin rumfarsa Damian ne, mutumin kudu mai sayar da kayan gyaran babur. Farkon zamansu ba daɗi, don baƙin mai da farar shadda ba sa ga maciji. Sun yi cacar baki a kan igiyar shanya har suka gaji, daga baya suka koma cin gyaɗa a benci ɗaya. 'Yar Damian, Chidimma, a Daura aka haife ta, tsakanin shagon ubanta da rumfar wanki ta yi rarrafe, Hausa kuwa in ba ka ga fuskarta ba ka ce 'yar cikin gari ce. Baba take ce wa Saminu, shi kuma ya ce mata ɗiyata. Da ta shiga makarantar koyon jinya shi ya riƙa wanke mata fararen kayanta, kuma bai taɓa yarda ta kai wa wani ba.

Akwai mutum ɗaya da Saminu ba ya iya haɗa ido da shi, wato Malam Abdulbaƙi, limamin masallacin unguwarsu. Ba faɗa suka yi ba. Ɗan liman ne ya auri Zubaida, 'yar Saminu ta fari, kuma tun ranar da aka shafa fatiha kunya ta shiga tsakani. Ko ruwa Saminu ba ya sha a gabansa.

Shekaru suka ja, gemu ya yi fari kamar kayan da yake wankewa. Sai fitsari ya fara yi masa gardama. Ya ɓoye, ya sha jiƙe-jiƙe, har wata safiya abin ya tsaya cak, mararsa ta kumbura, ya kasa miƙewa daga kan buzu. Damian ne ya nemo mota aka kai shi asibiti. Likita ya ce wani nama ne da ke kumbura wa maza a ƙasan mafitsara idan girma ya zo, ya toshe hanya, har abin ya fara taɓa ƙoda. Za a yi masa aiki, amma sai ƙodar ta huta. Aka zura masa robar fitsari, aka haɗa bakinta da wata jakar leda, aka rataye jakar a ƙasan gado. A take ya ji sauƙin da har ya yi wa likitan addu'a da ƙarfi.

Sauƙin bai wuce kiran sallar azahar ba. Saminu ya leƙa ƙasan gado ya ga abin da ke taruwa a jakar, ya bi robar da ido har jikinsa. Mutumin da bai taɓa salla da ɗigon najasa a bakin wando ba, yau ga ta jaka guda an ɗaura masa. An gaya masa kada ya ja robar, kuma bai ja ta ba. Amma ya lura akwai wata mahaɗa inda robar jikinsa ta shiga bakin ta jakar, kuma hannun da ya saba kwance ƙullin zariya ba ya rasa dabara.

Ya ce wa Laraba ta kama zane ta kare shi. Ya murɗa mahaɗar ta rabu. Ya ɗauraye bakin robar da ruwan buta, ya lanƙwasa ta, ya ɗaure da wani farin ƙyalle da shi da kansa ya wanke ya goge. Laraba ta ɗauki jakar a cikin mayafi ta kai famfon bayan ɗakin, ta zubar, ta zuba garin sabulu ta girgiza, ta ɗauraye ta tas. Shi kuma ya yi alwala ya yi sallarsa da kwanciyar rai. Da ya sallame aka mayar da komai yadda yake. Haka suka riƙa yi kowace salla, kuma ba wanda ya gane. Ɗakin maza cike yake, ma'aikata kaɗan, kuma in aka ga tsohuwa ta kare mijinta da zane kowa kau da kai yake yi. Har alfahari Saminu yake a ransa, don duk ɗakin ba mai jaka mai haske irin tasa.

In Malam Abdulbaƙi ya zo dubiya kuwa, wani aikin ne. Da an hango rawaninsa daga ƙofa, Laraba za ta cire jakar daga ƙasan gado ta tura ta ƙarƙashin bargo, kusa da cikin Saminu, ta zauna a haka har liman ya gama addu'a ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, irin wadda gado ke amsawa. Aka ba shi magani ya lafa, ya sake dawowa. Fitsarin ya yi kauri, ya canza wari. Aka canza robar, aka ɗauki fitsari aka kai gwaji. Sakamako ya nuna wata ƙwayar cuta ce da ke zama a ruwa da wurare masu danshi, wadda mai lafiya zai yi wanka da ita bai sani ba, amma in ta sami ƙofa a jikin wanda ciwo ya kayar sai ta yi kaka-gida. Magungunan da aka saba bayarwa ba sa yi mata komai. Likita ya ɗaga ranar aiki, ya sake ɗagawa. Ya gaya wa Laraba gaskiya: ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai zazzaɓin ya tafi, ƙwayar ta fara leƙa jini, kuma allurar da za a koma yanzu ita ce mai ƙarfin da ta rage musu. Abin da ya ɗaure masa kai, in ji shi, shi ne yadda ciwon ke dawowa kamar ana sake zuba shi.

Saminu ya rame, idanunsa suka faɗa. Wata rana da hantsi ya kalli Laraba ya kira ta da sunan uwarsa. Amma ko a cikin wannan hali, da ya ji kiran salla hannunsa zai tafi neman mahaɗar.

Chidimma a wannan asibitin take aiki, amma a ɓangaren masu haihuwa. Kullum da safe takan leƙo ta gaishe shi kafin ta kama aiki, kuma kullum takan tarar da komai a haɗe, tsaf. Ranar da aka canza mata lokacin aiki sai ta biyo ta bayan ɗakin maza ana kiran azahar, ta tarar da Laraba tsugune bakin famfo tana girgiza wani abu mai kumfa.

"Inna, me kike wankewa?"

Laraba ta yi ƙoƙarin rufewa da mayafi, ta ga ba amfani. "Jakar Malam ce. Salla zai yi."

Chidimma ta tsaya kamar an dasa ta. Ta kalli jakar, ta kalli bakin famfon da kowa ke wanke fo da kwanuka a ƙarƙashinsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsuguna kusa da tsohuwar ta tambaye ta tun yaushe, Laraba ta ce tun ranar farko. Da ta fahimci abin da fuskar yarinyar ke faɗa sai ta saki jakar ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Da hannuna?" Chidimma ta riƙe ta, ta ce ba wanda ya yi da mugun nufi, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ta sanar da nas ɗin ɗakin da likita, aka kawo sabuwar roba da sabuwar jaka aka canza. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da kan Saminu.

"Baba, robar nan da jakar nan an yi su ne su zauna a rufe, kamar ƙwai. Duk sanda ka raba su ka buɗe wa cuta ƙofa, ta bi robar ta hau har ciki. Ruwan buta da ƙyallen nan, a ido fes suke, amma abin da ke kayar da kai ido ba ya ganinsa. Yana manne wa roba ya yi yauƙi, magani ya kasa kai masa. In kuma aka ɗaga jakar sama da mararka, abin da ya fita komawa yake yi."

Saminu ya saurara har ta gama. Bai musa ba, don bai taɓa jin ta yi ƙarya ba. Ya ce, "Na ji, ɗiyata. Garin neman gira na kusa rasa ido. To amma ki gaya mini, in tsaya gaban Allah da fitsari a rataye?"

"Wannan ba hurumina ba ne, Baba. Ni abin da na sani, in ka sake buɗe ta, allurar nan ma ba za ta riƙe ka ba."

"To gara in tafi da tsarkina."

Ya faɗe ta a hankali, ba da fushi ba, kuma Chidimma ta san shi sarai, ta san ba barazana yake ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ce ya tambayi Malam Abdulbaƙi mana, tunda kullum yana zuwa. Saminu ya zaro ido kamar ta ce ya fita kasuwa ba riga. "Surukina? In buɗe baki in yi wa surukina maganar fitsari? Haba ɗiyata, ashe har yanzu ba ki zama 'yar gari ba."

A nan ya yi kuskure, don ta riga ta zama 'yar gari. Ta nemi wata abokiyar aikinta ta riƙe mata wuri, ta dawo ta zauna jiran liman. Gab da la'asar aka hango rawani a ƙofa. Laraba ta kai hannu ƙasan gado yadda ta saba, Chidimma ta dafa hannunta, ta ɗauki zane ta shimfiɗa a gefen gadon ya sauka har ƙasa. Jakar ta ɓoyu, kuma tana inda ya kamata ta zauna.

Aka gaisa, liman ya yi addu'a aka shafa. Sai Chidimma ta rusuna ta ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, in an ba ni dama. Ni ba Musulma ba ce, kada in faɗi abin da ban sani ba."

"Matambayi ba ya ɓata, 'yata. Faɗi."

"Akwai wani dattijo da muke jinya. An sa masa robar fitsari, fitsarin yana zuba a jaka ba dare ba rana, ba shi da ikon tsayar da shi. Mutum ne mai tsoron Allah. Duk salla sai ya raba robar da jakar don ya yi tsarki, kuma wannan rabawar tana sa masa cutar da za ta iya kashe shi. Mun ce ya bari, ya ce ba zai yi salla da najasa ba. Me zan gaya masa?"

Ɗakin ya yi wa Saminu zafi. Ya ƙura wa silin ido. Malam Abdulbaƙi kuwa bai kalli gadon ba, bai kalli zanen da ya sauka ƙasa ba. Ya juya fuskarsa wajen taga yana shafa gemu, kamar dattijon da ake maganarsa yana can wani gari.

"Ki gaishe shi," in ji liman. "Ki ce masa wannan lalura ce, kuma malamai sun daɗe da yin bayaninta. Fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, ba yankewa, ba ya karya masa alwala, abin da ya taɓa kuma an yafe masa. Ya yi alwalarsa ya yi sallarsa, robar tana inda likita ya sa ta. Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Jikin nan amana ne, in ya ci gaba da buɗe wa cuta ƙofa bayan an gaya masa, wannan ne abin da zan ji masa tsoro, ba jakar ba." Har yanzu idonsa na kan taga. "Kuma in dattijon nan yana da wani suruki da yake jin kunya, ki ce masa surukin ma da mafitsara aka halicce shi."

Laraba ta toshe baki da mayafi. Daidai nan ladanin masallacin asibiti ya ɗaga murya.

"Malam Saminu," in ji liman, "ƙafafun nan nawa ba za su kai ni sahu a kan lokaci ba. In ba damuwa mu yi jam'i a nan."

Aka kawo ruwa da ɗan baho, Saminu ya yi alwala a zaune. Liman ya shimfiɗa darduma a gefen gadon, ƙafarsa ba ta fi taki ɗaya da zanen ba, ya tayar da salla. Hannun Saminu ya tafi wajen mahaɗar da kansa, don ya saba. Ya tsaya a can. Sannan ya ɗago shi, ya kai shi kunne, ya yi kabbara. Hawaye ya bi masa gemu tun daga raka'ar farko har sallama, kuma shi kansa bai san ko na kunya ba ne ko na sauke kaya.

Ba a kwana ɗaya ya warke ba. Allurar tana da zafi, ta kuma wahalar da shi, akwai ranar da Laraba ta fid da rai. Amma da aka daina zuba wa ciwon sabon iri, zazzaɓin ya riƙa ja da baya har ya tafi. Aka yi aikin lafiya, bayan 'yan kwanaki aka zare robar gaba ɗaya. Ranar da ya shiga bayi da butarsa ya fito da ƙafarsa, ya ce bai taɓa sanin wannan ma ni'ima ce da ake yi wa godiya ba sai yau.

Ya koma rumfarsa, sai dai ƙarfin cuɗa manyan riguna ya tafi, ƙodar ma likita ya ce a riƙa lallaɓa ta. Wankin ya bar wa wasu, shi ya tsaya a kan guga. Tsakaninsa da Malam Abdulbaƙi kunya tana nan yadda take, har gobe ba ya shan ruwa a gabansa, kuma ba wanda ya taɓa tayar da maganar a cikinsu. Chidimma ma bai taɓa ce mata komai a kai ba. Ai ba a kansa aka yi tambayar ba, a kan wani dattijo ne.

Wata Asabar ta zo karɓar fararen kayanta. Ya miƙa mata su a ninke, ta ɗaga riga ɗaya ta duba a rana ta ce, "Kai Baba, fes!"

"A ido dai," in ji shi.

Ta yi dariya ta juya za ta tafi. Ta kai bakin rumfa ya kira ta.

"Ɗiyata. Dattijon nan naki, wanda kika yi wa Malam tambaya a kansa. Na gan shi jiya a masallaci, a sahun gaba. Ya ce in na gan ki in gaya miki ya gode. Ya ce duk sallar da ya yi yana sa ki a ciki."

Chidimma ta rungume kayan a ƙirji.

"Ka ce masa Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Saminu ya ce zai gaya masa. Ya sunkuya ya buɗe dutsen guga yana hura gawayin, ya daɗe yana hurawa, ko da yake wutar ta riga ta kama.